Mai Agogo da Lemar Daƙiƙa Shida

Duk layinmu babu wanda ya kama ƙafar Mai Agogo wajen cika baki. Ni da nake gaya maka haka, bango ɗaya ne ya raba shagon ɗinkina da nasa, bangon ma na katako, don haka duk abin da ya fito daga bakinsa a kunnena yake fara sauka. Mutum ne da idan ka tambaye shi ƙarfe nawa, sai ya fara ba ka tarihin agogon tukuna. Gilashin nan na ido ɗaya da masu gyara ke maƙalawa kuwa, ko ruwa zai sha yana nan ɗaure a goshinsa, wai don jama'a su san da wa suke magana.

"Ni fa lokaci sana'ata ce," haka yake cewa kullum. "Ku daƙiƙa kuke gani, ni har hanjinta nake gani."

Mu huɗu muke buga wasan yaƙin nan na waya idan kasuwa ta yi sanyi bayan abincin rana: ni, da shi, da Mai Walda, da Direba. Ana haɗa mu da wasu huɗun daga ko'ina a duniya, kowa da aikinsa. Ni maharbi ne, Mai Walda gatari yake riƙewa, Direba ke zagaye yana leƙo mana inda abokan gaba suka ɓoye. Shi kuma Mai Agogo shi ne mai lema. Lemar nan wata rumfar ƙarfe ce da ke buɗewa ta rufe duk wanda ke kusa, babu abin da ke ratsa ta. Sai dai daƙiƙa shida kawai take yi, idan ta naɗe kuma sai bayan minti uku za ta dawo. An yi ta ne saboda ruwan wuta, wato babban makamin da abokan gaba ke saukar wa mutane a ka. Idan ruwan ya same ku a fili, ku huɗun kun tafi, wasa ya ƙare. Ka ga ke nan ranmu duka a ƙarƙashin babban yatsan Mai Agogo yake.

Yatsan kuwa ba ya motsi. Wuta za ta fara zuba, mu ukun muna ihu, shi yana zaune ya harɗe ƙafa.

"Buɗe lema! Buɗe!" in ji Mai Walda.

"Ba yanzu ba."

"Muna mutuwa fa!"

"Gaggawa aikin shaiɗan ce. Akwai daƙiƙar da ta dace, ba ta zo ba."

Kafin ta zo, mu huɗun muna kwance a ƙasa, lemarsa na nan sabuwa fil ko yatsa bai taɓa ta ba. Sau tara a jere muka mutu haka. Direba ya ajiye waya ya tambaye shi, tsakani da Allah, ko yana tara lemar ne don 'ya'yansa su gada.

"Kai da ko birki ba ka san lokacin taka shi ba?" in ji Mai Agogo.

"Ni dai fasinjojina da ransu suke sauka."

Maganar ta soke shi. Washegari ya zo ya ce tunda sauri muke so, za mu ga sauri. Ana fara wasa, wata akuya da masu ƙirƙirar wasan suka saka don ado ta gifta ta gabansa, ya danna lema. Muka tsaya mu huɗu a cikin rumfar ƙarfe muna kallon akuya tana cin ciyawa. Ba a jima ba abokan gaba suka iso da ruwan wutarsu, suka tarar da mu tsirara. A wasa na gaba, iska ta bugo ƙofar shagonsa, ya zabura, ya sake dannawa. A na uku ya buɗe ta daidai lokacin da ya kamata, amma shi kaɗai a can bayan wani dutse, yana ciki lafiya lau yana kallonmu muna ƙonewa.

"Kun gani ko? Lokacin daidai ne," in ji shi. "Ku ne ba ku zo inda lemar take ba."

Ana cikin haka ne ƙanwarsa ta biyo ta shagon. Auta muke ce mata, nas ce a sashen gaggawa na wani asibiti, ta taso daga aikin safe da farin takalminta. Shekara goma sha biyu ya ba ta, kuma ba ya bari kowa ya manta. Daidai lokacin wani ya kawo agogon bango ya tsaya yana jira, sai Mai Agogo ya miƙa mata wayar.

"Riƙe mini nan, ki bi bayansu kawai. Kada ki taɓa shuɗin madannin nan, ba na yara ba ne."

Ya shiga yi wa mai agogon bangon huɗuba, mu kuma muka ci gaba. Sama ta yi ja, alamar ruwan wuta na tafe. Na riga na fara salati. Kawai sai na ga rumfa ta rufe mu huɗu, wuta na dukanta tana zamewa. Ta naɗe, muka fito da ranmu cikakke, muka bi abokan gaba muka yi musu kaca-kaca. Mai Walda ya miƙe ya daki benci har sai da ƙusoshi suka yi tsalle. Rabonmu da cin wasa mako biyu ke nan.

Mai Agogo ya juyo. "Me ya faru?"

"Na taɓa shuɗin madannin, Yaya. Ka yi haƙuri."

"A wace daƙiƙa?"

"Oho. Na ga layin da ke nuna sauran ransu yana zubewa ne, na ga sama ta canza."

"Sa'a ce," ya ce, ya fizge wayarsa. "Ko agogon da ya tsaya sau biyu yake faɗin gaskiya a rana."

To, a makon ne aka liƙa sanarwar gasa a bakin babban titi. Za a yi ta ranar Asabar da rana, a wani ɗakin taro da ke saman shagon sayar da wayoyi, da babban allo da lasifika da kofi. Kowace ƙungiya mutum huɗu da ɗan canji ɗaya. Mu ukun muka haɗu a shagona muka yi ƙus-ƙus, muka manta bangon katako ne.

"Na ji ku," ya ce ta tsakanin katakon. Sai ga shi ya zagayo, gilashi na rawa a goshi. "Auta? Auta za ku ba kujerata? Yarinyar da na goya a bayana? Ni na koya mata karanta agogo!"

"Ba mu ce za mu cire ka ba," na ce. "Sunanta za mu rubuta a 'yar canji."

Mai Walda ba ya iya zagaye-zagaye. "Ni na ce. Ranar gasa, idan lema ta ba mu kunya sau biyu, ka tashi ta zauna. Kuma ta zauna ke nan."

Mai Agogo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. Na ga abin ya yi masa ciwo sosai, har na ɗan ji tausayinsa, don a duk duniya bayan shagon nan ba shi da abin taƙama sai kujerar nan. Amma bakinsa bai bari tausayin ya daɗe ba.

"Na yarda. Sau biyu ma kun yi yawa. Ku ba ni kwana biyar, zan kawo muku abin da tun da aka ƙirƙiri wasan nan ba a taɓa gani ba."

Kwana biyar bai gyara agogon kowa ba. Ya sayi littafi, ya zauna yana kallon wasannin mutane yana rubutu. Duk wanda ya zo karɓar agogonsa sai ya ce masa ana jiran kayan gyara. Ranar Alhamis ya tara mu, ya buɗe littafin kamar mai karanta wasiyya.

"Ruwan wuta minti huɗu yake ɗauka kafin ya cika. Na auna wasa sittin. Ɗan Adam kuma daƙiƙa goma yake yi yana saiti. Saboda haka, minti huɗu da daƙiƙa goma, lema. Ba sai na kalli komai ba."

"In suka canza fa?" in ji Direba.

"Lissafi ba ya canzawa."

Ya riga ya yi wa agogai bakwai masu ƙararrawa tiyata, ya jera su a kan tebur, wai ko ɗaya ya gaza ɗan'uwansa ya tashi. Muka fara gwaji. Minti huɗu da daƙiƙa goma na cika, su bakwai ɗin suka kece a tare. Wayar Direba ta suɓuce ta faɗa ƙarƙashin benci. Mai Kitso da ke ɗaya gefen nasa ta fito a guje da bokitin ruwa tana kiran gobara, matar da take yi wa kitso na biye da ita, rabin kai a tsefe, mataji a soke a ciki. Ba ta tsaya tambaya ba, ta sheƙa ruwan ta ƙofa, Mai Walda ne ya tare shi da ƙirji.

"Ina wutar take?"

"A cikin waya," in ji Direba daga ƙarƙashin benci.

"Allah ya shirye ku! Gandan-gandan da ku, da gemu!"

Abin takaicin shi ne, a cikin wannan hargitsin Mai Agogo ya danna, kuma ruwan wutar ya sauka daidai kan lemar. Muka ci wasan. Da mun sha kashi ranar da ya fi mana alheri, don daga nan kansa ya daina shiga ƙofa. Ya fito bakin titi yana gaya wa masu wucewa. Da Auta ta zo da yamma, ya nuna mata sabon abin da ya ƙara: ya yanko baƙin salatif ya liƙe saman fuskar wayarsa, inda layin ranmu yake.

"Wannan kuma na mene ne, Yaya?"

"Don kada ido ya yaudare ni. Idan na ga suna mutuwa sai tausayi ya sa in danna kafin lokaci."

Ta girgiza kai. "A wurin aikinmu, idan aka kawo mutum numfashi na ɗauke masa, fuskarsa ake kallo. Ban taɓa ganin wanda ya ɗaga kai ya kalli bango ba."

"Shi ya sa ke nas ce, ni injiniya."

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Asabar ta zo, ɗakin ya cika maƙil, har da mutanen layinmu. Mai Kitso ma ta rufe shago ta zo, ta ce ba za a ba ta labari ba. An jera tebura biyu suna fuskantar juna a gaban babban allo, wanda ya fara cin wasa uku shi ya wuce. Waɗanda aka haɗa mu da su wasu ma'aikatan gidan burodi ne guda huɗu, masu shiru-shiru, ɗaya ma da sauran gari a gefen kunnensa. Masu gasar sun hana agogai bakwai, sun ce ɗaya kawai, don haka Mai Agogo ya zaɓi mafi girma, wani ja mai ƙararrawa biyu a ka, ya dasa shi a tsakiyar teburinmu.

Mai sanarwa ya hango shi, ya matso da makirfo yana dariya. "Ranka ya daɗe, wannan fa? Barci za a yi?"

Na taka wa Mai Agogo ƙafa. Mai Walda ya yi masa ido. Amma ka taɓa ganin an miƙa wa mai ƙishi ruwa ya ce yana azumi? Ya karɓi makirfon da hannu biyu, ya miƙe tsaye.

"Jama'a, yau za ku ga ilimi. Wannan agogon zai kaɗa a minti huɗu da daƙiƙa goma daidai, ni kuma in buɗe lema. Ko ido a rufe. Duk mai agogo a hannu ya duba."

Masu burodi suka kalli juna. Babbansu ya ciro biro ya rubuta wani abu a tafin hannunsa.

Aka fara. Wajen minti huɗu suka matso, suka kewaye mu, amma ba su harba komai ba. Agogo ya kece, Mai Agogo ya danna har da ɗaga ɗayan hannun sama. Rumfa ta rufe mu. Babu ko ɗigon wuta. A kan babban allo kowa na gani, masu burodi huɗu sun tsaya a bakin lemarmu sun danna madannin rawa, mayaƙansu na girgiza kafaɗa. Sai wani daga baya ya fara ƙirga, ɗakin duka ya ɗauka.

"Shida! Biyar! Huɗu!"

"Yi wani abu mana!" in ji Direba.

"Ba a rufe ta da hannu," in ji Mai Agogo, murya ta sirance.

"Biyu! Ɗaya!"

Lema ta naɗe, sama ta yi ja. Ban taɓa ganin an gasa mutane da natsuwa irin haka ba. Dariya ta cika ɗakin, wani har da faɗowa daga kujera. A cikin dariyar ne muryar Mai Kitso ta tsaga.

"Kai! Tsaya! Ai wannan jan agogona ne! Wata biyu kana ce mini ana jiran kayan gyara!"

"Hajiya, gwaji nake yi masa."

"A kan tebur a gaban duniya? Ka gama ka miƙo mini abina!"

Mai Walda ya ɗaga yatsa ɗaya a gaban hancin Mai Agogo. "Saura ɗaya. Cire salatif ɗin nan, ka kalli wasa kamar kowa."

"Ku saurare ni," ya raɗa, yana murɗa bayan agogon, gumi na bin gefen gilashinsa. "Yanzu na gano su. Jira suke yi in buɗe ta naɗe. To na ƙara daƙiƙa shida. Za su jira, su gaji, su harba, su tarar da ni. Gaba da gabanta."

"In ba su jira ba fa?" na ce.

"Tela, ka tsaya a kan allura."

Ba su jira ba. Minti huɗu na cika, ko saiti ba su tsaya yi ba, sama ta yi ja. Ni na gani, Direba ya gani, duk ɗakin ya gani. Mai Agogo kaɗai bai gani ba, don idonsa na kan jan agogo, leɓɓansa na ƙirga.

"Lema!" muka haɗa baki.

"Ba yanzu ba."

"Yaya, danna!" Auta ta ƙwala daga layin gaba.

"Saura goma sha ɗaya."

Direba ya fara faɗuwa, sai ni, sai Mai Walda. Mayaƙin Mai Agogo ne na ƙarshe, ya durƙusa, ya kife, lemarsa a naɗe a bayansa. Allo ya rubuta cewa mun sha kashi. Ɗakin ya yi tsit, don abin ya wuce dariya. A cikin shirun nan ne jan agogo ya kece da ƙara, yana rawa a kan tebur. Kuma wallahi, idona ya gani, Mai Agogo ya danna madannin. Gawa a kwance, shi yana dannawa.

"Ihu bayan hari!" wani ya faɗa, ɗakin ya sake fashewa. Mai Kitso ta ratso mutane, ta sure agogonta yana kan kaɗawa, ta cusa shi a jaka ta koma ta zauna, jakar na ta kuka a cinyarta.

Auta ce ta taso, ta tsaya a gefen kujerarsa, ta yi magana a hankali yadda mu kaɗai muka ji.

"Yaya, tashi."

Ya kalle ni, na kalli wayata. Sai ya miƙe. Ta zauna, ta ɓare salatif ɗin da farce ta manna a gefen tebur, ta miƙa masa jakarta ya riƙe mata. Haka ya tsaya a bayanta, rataye da jakar mata, gilashi a goshi.

A wasa na uku masu burodi suka yi wayo, suka riƙe ruwansu har minti biyar da wani abu. Sama na fara canza launi, Mai Agogo ya sunkuyo kan kafaɗarta.

"Ba yanzu ba, Auta! Ba yanzu ba!"

Ta danna. Wuta ta zubo kan rumfa kamar an kifar da tanda, ba ta taɓa ko ɗayanmu ba. Muka ci wannan, muka ci na huɗu, muka ci na biyar da ƙyar, Mai Walda na ihu har muryarsa ta dushe. Kofin dai ba mu ɗauka ba, wasu ɗaliban jami'a suka fitar da mu a zagaye na gaba, amma babu wanda ya damu. A bakin matakala Direba ya tambayi Auta ranakun da ba ta aikin rana, ya rubuta a wayarsa.

Ni da Mai Agogo muka tako zuwa layinmu a ƙafa. Duk wanda muka gamu da shi sai ya tare shi.

"Ka ji abin da ƙanwata ta yi? Tarbiyyata ce. Da na ce mata ba yanzu ba, gwada ta nake yi."

Sai da muka sha kwana, babu kowa sai mu biyu, ya rage tafiya. Ya cire gilashin daga goshinsa, abin da ban taɓa gani ba, yana juya shi a hannu.

"Tela, kai kana kusa da ita. A duk wasannin nan, sau nawa ta duba lokaci?"

Na so in yi masa ƙarya, amma na makara.

"Ko sau ɗaya."

"Ko na hannunta?"

"Ba ta ma ɗaura agogo ba yau."

Muka iso layinmu. Ya buɗe shagonsa ya shiga, ni ma na shiga nawa na zauna a gaban keke. Shekara takwas ina jin muryar mutumin nan ta bangon katako daga safe har yamma, amma ranar, har na rufe shago, agogai kawai na ji suna tafiya.